Gudun Gara, Gidan Zago: Littattafan Kakanni da Zazzaɓin Ɗaukar Hoto

Damina biyu da suka wuce aka aiko mini daga gidan dangin mahaifiyata a cikin birni, wai in zo in duba wata adaka. Mai adakar malamin zaure ne, ya daɗe da rasuwa, kuma tun bayan sadakar arba'in ɗinsa ba wanda ya ƙara ɗaga murfinta sai wani jikansa ɗan jami'a. Mu uku muka janyo ta daga lungun soro. Gindinta ya riga ya ruɓe. Gara ta shigo ta ƙasa ta yi gini a ciki, ta mayar da gafaka uku na can ƙasa ƙasa zalla, in ka taɓa sai su zube a hannunka kamar garin tuwo. Na sama sun tsira, amma ɗanshi ya manne wasu takardun da juna, tawada ta bi ta koma shafin da ke kallonta.

Kawuna, wanda shi ne babba a gidan yanzu, bai nuna damuwa sosai ba. Ya dubi jikan ya ce, "Kai, ba ka ce ka ɗauke su duka a waya ba?" Yaron ya sosa ƙeya ya ce, "Na ɗauka, Baba, amma waccan wayar ta faɗa ruwa. Sai dai waɗanda na tura wa abokina." Aka nemo abokin, ya turo abin da ke wurinsa ta WhatsApp. Hotuna ne kusan 60 daga cikin ɗaruruwa. Manyan layukan tsakiya suna karantuwa. Ƙananan rubuce-rubucen gefe, inda marigayin yake fassara kalmomin Larabci da ajami, yake kuma rubuta sunan malamin da ya karantar da shi babin, duk sun dagule, don manhajar tana matse hoto kafin ta aika. A wasu ma an yanke gefen gaba ɗaya, saboda yaron a ganinsa tsakiyar shafi ce littafin.

Ban ga laifinsa ba, shi kaɗai ne a gidan ya ma damu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne natsuwar kawuna. Tun ranar da aka ce masa an ɗauka a waya ya sauke nauyin adakar daga wuyansa, ya bar ta a inda rufi ke yoyo. Da ba a ɗauki hoton ba, wataƙila da ya sa an matsar da ita ɗakinsa.

Wannan natsuwa ta kawuna ita nake gani yanzu a ofisoshi da tarurrukan ƙara wa juna sani. Duk inda aka tayar da zancen littattafanmu na hannu, da tsofaffin takardun fada da na kotunan alƙalai, da jaridu, da faya-fayan rediyo, kafin a rufe baki wani zai ce a mayar da su na dijital. Sai a tafa, a tashi. Kalmar ta zama kamar laya. Ni kuwa ina ganin idan ba a yi hattara ba, za mu yi gudun gara mu faɗa gidan zago: mu saki takardar da ta shekara 200 tana jure zafi da ƙura, mu kama hoton da ba mu da tabbacin zai shekara 20.

Littafin hannu ba kalmomi kaɗai ba ne. Jiki gare shi, kuma jikin yana ba da labarin da marubucin bai yi niyyar bayarwa ba. Ɗauki shafi ɗaya daga tsohon littafin Kano ko Sakkwato ko Katsina ka ɗaga shi ga hasken rana. Sau da yawa za ka ga jinjirin wata guda uku a jere, ɓoye cikin naman takardar. Tambarin masana'antun takarda ne na arewacin Italiya, kuma wanda ya fi yawa a hannunmu na gidan Galvani ne da ke Pordenone, kusa da Venis. Takardar nan ta tsallaka teku zuwa Tarabulus, ta hau raƙumi ta bi ta Gadamas da Gat, kafin ta sauka a hannun fatake a kasuwar Kurmi. Littafin da ba a rubuta masa shekara ba, masana kan kintaci zamaninsa daga irin tambarin da ke cikinsa. Wannan shaida ce a kan cinikin Sahara wadda ba wani mai tarihi da ya zauna ya rubuta ta. Hoton da aka ɗauka daga sama, yadda kowa ke ɗauka, ba ya nuna ta ko kaɗan. Sai an sa haske a bayan takardar, kuma ba kowane mai aikin hoto ne ke da lokacin hakan ba idan an ce masa ya gama shafi dubu kafin la'asar.

Haka tawada. Ta allo daban, wadda ake wankewa. Ta takarda daban, wadda ake dafawa da bagaruwa a sa mata ƙaro don ta kama. Akwai ja ta wasali, akwai rawaya ta zayyana da alamar aya. Wata tawadar tana da ƙarfe a cikinta, kuma in ta tsufa takan ci takardar, har ka ga harafi ya zama huda. Mai gyaran littafi yana bukatar ya san wacce ce a gabansa kafin ya taɓa, kuma ba daga kwamfuta zai sani ba. Ga tadarishi, ga gafakar jar fata irin jimar da ta sa sunan ƙasar nan ya kai kasuwannin Magrib. Ga dattin yatsa a kusurwar shafukan da aka fi karantawa, wanda ke nuna maka babin da almajirai suka fi sha wa wuya. A littafin Risala ko Ishmawi da aka yi karatu da shi shekara da shekaru, farkonsa ya fi ƙarshensa baƙi. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san dalili.

Akwai kuma wani hali na littattafanmu da ke sa aikin hoto ya zama mai haɗari a hannun wanda bai sani ba. Ba a ɗinke suke ba. Warwara ne, takarda bisa takarda, kuma ba lambar shafi. Abin da ke riƙe jerinsu shi ne kalmar nan guda da marubuci ke sawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba. An yi haka ne da hikima, don malami ya iya raba wa ɗalibai biyar takardun littafi guda su kwafa a lokaci ɗaya. To amma idan iska ta watsa su, ko mai hoto ya juya su yadda ya ga dama, sai wanda ya iya karatun ne zai mayar da kowacce gidanta. Na taɓa ganin hotunan wani littafin fiƙihu da aka jera, babin tsarki yana tafiya sai ga rabon gado ya faɗo a tsakiya. Na'ura ta yi aikinta tsaf. Mai riƙe da ita ne bai san abin da ke gabansa ba.

Kada a ce ina ƙin hoto. Wanda ya san abin da wuta da yaƙi suka yi wa ɗakunan ajiya a shekarun nan ba zai ƙi shi ba. A Satumba 2018 gobara ta cinye Gidan Tarihin Ƙasa na Burazil a Rio, mai kaya kusan miliyan 20. A Afrilu 2021 wutar daji ta gangaro daga dutse ta kama ɗakin karatu na Jagger a Jami'ar Cape Town, inda ake ajiye tarin nazarin Afirka. A irin wannan rana, abin da aka ɗauka hoto shi ne ya rage, kuma da babu gara ba daɗi.

Mu ma muna da namu misalin, mai daɗin ji. A ƙarshen shekarun 1950 wani Bature mai suna Bivar, da ke aiki da sashen kayan tarihi na Nijeriya, ya ɗauki hotunan wasu tsofaffin Alƙur'anan Borno, ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da shekarar 1080 ta Hijira, wato 1669. Hotunan suka yi kwance shekaru. Daga baya wani mai bincike, Dmitry Bondarev, ya zauna a kansu, ya yi nazarin ƙananan rubuce-rubucen da ke tsakanin layuka, waɗanda suke da tsohon harshen Kanembu, kakan harshen da malaman Borno ke tafsiri da shi har gobe. Da haka aka samu ɗaya daga cikin tsofaffin shaidun rubuta harshen Afirka da haruffan Larabci a wannan yanki. Amma a lura da abin da ya sa hoton ya yi amfani: an ɗauki shafin da gefensa, an rubuta na wane ne da inda aka same shi, an adana shi a inda bai lalace ba, sannan aka samu wanda ya iya karantawa. Cire ɗaya daga cikin waɗannan, labarin ya mutu.

Tumbutu ake yawan kawowa a matsayin hujjar dijital, ni kuma ina ganin darasinta ya sha bamban da yadda ake faɗa. A 2012 masu ɗauke da makamai suka mamaye garin. A Janairu 2013, da sojojin Faransa suka matso, masu makaman suka cinna wa littattafai sama da 4,000 wuta a Cibiyar Ahmad Baba, a sabon ginin da Afirka ta Kudu ta taimaka aka gina. Amma mafi yawan dukiyar garin ba ta nan. Abdulƙadir Haidara da iyalan da suka gaji ɗakunan karatu sun riga sun kwashe ɗaruruwan dubbai cikin akwatunan ƙarfe, a motoci da kwale-kwale ta kogin Kwara, zuwa Bamako. Ba kwamfuta ce ta cece su ba. Mutane ne da suka ɗauki littattafan nan tamkar 'ya'yansu, har suka yarda su bi ta shingayen bindiga saboda su. Aikin hoto mai yawa ya biyo baya ne, da taimakon wani ɗakin karatu na Minnesota a Amurka, kuma a Maris 2022 Google ya baje shafuka kimanin 40,000 a intanet. A Bamako ma wata sabuwar matsala ta taso, domin littattafan da suka saba da busasshiyar iskar Sahara sun sauka a gari mai ɗanshi, sai da aka yi ta ƙera musu kwalaye ɗaya bayan ɗaya. A Agusta 2025 gwamnatin Mali ta fara mayar da su gida. In da hoto ya wadatar, da ba wanda zai ɗauki wannan wahala.

Sannan shi kansa hoton, wa ya ce ba ya mutuwa? Ɗakin Karatu na Birtaniya da ke Landan yana cikin mafiya girma a duniya, kuma shi ke riƙe da shirin nan na ceto taskokin da ke cikin haɗari, wanda tun 2004 yake ba da kuɗi a ɗauki hotunan takardu a ƙasashe da dama, har da Nijeriya. A Oktoba 2023 'yan kutse suka shiga kwamfutocinsa suka nemi kuɗin fansa. Hidimominsa na intanet suka tsaya wata da watanni. Wannan fa Landan ce, inda ba a ɗauke wuta, inda akwai ma'aikata da kasafi. Mu da wani lokaci faifan ajiya guda ne a aljihun teburin darakta, in aka yi masa canjin wurin aiki ya tafi da shi ko ya manta kalmar sirri, me za mu ce? Takarda in ta fara lalacewa tana nuna alama, tana ba ka shekaru ka farga. Faifai kuwa jiya lafiya lau, yau ka jona shi ya yi shiru.

Ba yau muka fara wannan rawa ba. A shekarun 1960 abin yayi shi ne ƙaramin fim na maikurofim. John Hunwick ya kafa cibiyar tattara rubuce-rubucen Larabci a Jami'ar Ibadan, ana aro littafi a ɗauka a mayar wa mai shi. A Zariya, Abdullahi Smith ya jagoranci shirin binciken tarihin Arewa, Murray Last da abokan aikinsa suka zaga gari-gari suna ɗaukar dubban littattafai. Aikin kirki ne ƙwarai, kuma a kansa aka gina kusan duk abin da ake karantarwa yau game da daular Usmaniyya. Sai dai fim yana son sanyi, yana kuma son na'urar karantawa ta musamman, wadda yanzu samun mai gyara ta ma aiki ne. Abin da aka kira ajiya ta har abada a wancan lokaci, yau shi ma jira yake a cece shi. Na'urorin da muke taƙama da su yanzu haka za su tsufa, kuma da sauri.

Sai batun inda kwafin yake zama. Alhaji Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano, ya rasu a 1962 ya bar ɗakin karatu mai abubuwa sama da 3,000: tauhidi, fiƙihu, waƙoƙi, magani, wasiƙu, da Larabci da ajami. Yau tarin nan yana Jami'ar Northwestern, kusa da Chicago. Yana cikin sanyi, an yi masa fihirisa, gara ba ta isa gare shi ba. Kuma ɗalibin Kano da ke son sanin abin da malamin garinsu yake karantawa sai ya nemi biza. Na kasa yanke hukunci a kan wannan cikin sauƙi, domin na ga adakar gidanmu, na san abin da kan faru da wanda ya zauna gida. A nan ne dijital yake da babban amfani, domin shi ne zai iya dawo mana da abin da ya tafi. Jami'ar Boston, ƙarƙashin Fallou Ngom ɗan Senegal, tare da Mustapha Hashim Kurfi, ta tara rubuce-rubucen ajamin Hausa ta sa a intanet kyauta, littattafan kuma suna hannun masu su. Wannan tsari ya fi kwasar asali a tafi da shi nesa ba kusa ba. Amma ko a nan, kayan aro ba ya rufe katara. Ranar da masu ba da tallafi suka juya baya, ko jami'ar ta sauya manufa, ba mu da ta cewa. Duk yarjejeniyar da za a sa wa hannu, kamata ya yi a ce cikakken kwafi, ba wanda aka rage wa nauyi ba, ya zauna a Gidan Arewa da ke Kaduna, ko a jami'ar da ta fi kusa, wani kuma a hannun iyalin da suka ba da littafin.

Masu bincike kan yi ƙorafi cewa malamai suna ɓoye littattafai, ba sa son nunawa. Ni ban cika ganin baƙinsu ba. Kusan kowane gidan ilimi yana da labarin wani da ya zo da takardar gabatarwa, ya ari littafi na mako biyu, har yau shiru. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kuma ba duk abin da ke cikin gafaka ne aka rubuta don idon duniya ba. Kundin malami yana ɗauke da laƙani da hatimi da sirrin magani da ya karɓa da izini, yake kuma bayarwa da izini. Akwai takardun bashi, da na shari'ar gona, da wasiƙun da ke ambaton asalin wasu iyalai ta hanyar da jikokinsu ba za su so a baza ba. Ɗan boko na iya cewa ilimi na kowa ne. Mai kundin kuwa amana ce a wurinsa. Dole a ba shi damar cewa a ɗauki wannan a bar wancan, ko a ɗauka a ajiye amma kada a sa a intanet. Wanda ya ƙi yarda da wannan sharaɗi, shi ya rufe wa na bayansa ƙofa.

Aikin da ba wanda ke so shi ne fihirisa, domin ba a yanka masa kintinkiri, ba a kiran 'yan jarida. Mutum ne zai zauna da takarda guda, ya gano wane littafi ne, wa ya wallafa, wa ya kwafa, cikakke ne ko guntu, a hannun wa ya biyo. Wani lokaci yini guda bai isa littafi ɗaya ba. Hunwick ya kwashe shekaru masu yawa kafin ya fitar da kundin marubutan wannan yanki a 1995. Ba tare da irin wannan aiki ba, hotuna dubu ɗari masu suna da lambobi kawai rumbu ne da ba ƙofa. A Yamai, tarin da Boubou Hama ya fara haɗawa, wanda yanzu yake cibiyar binciken Jami'ar Abdou Moumouni, ya kai littattafai wajen 4,000, kuma abin da ya sa mai bincike ke iya cin moriyarsa shi ne an zauna an rubuta abin da ke ciki. Ku tuna kuma yadda wani Bature mai suna Barth ya ci karo da Tarihin Sudan na Assa'adi a Gwandu a 1853, littafin da ya buɗe wa Turawa tarihin Songhai. A ɗakin malaman Gwandu ya same shi. Allah kaɗai ya san irin waɗannan nawa ne ke kwance a adakoki daga Agadas zuwa Yola, ba wanda ya san sunansu.

To wa zai yi fihirisar? A nan ne na fi jin tsoro. Rubutun magabatanmu salon Magrib ne, kuma karatunsu Warshu. Fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama. Yaron da ya tashi da bugun Hafsu a Islamiyya, in ya ga ƙaf ɗinmu sai ya karanta fa. Ga ɗigon imala da ake sawa a ƙarƙashin harafi don wasalin "e" a ajami, wanda mai digirin Larabci daga waje kan ɗauka datti ne. Ajamin Hausa ba shi da ƙa'ida guda. Na Sakkwato da na Kano suna da 'yan bambance-bambance, kowane marubuci kuma da hannunsa. Manhajojin da ke karanta rubutu har yanzu tuntuɓe suke yi a kansa. Waɗanda suka iya karanta shi kamar ruwa su ne alarammomi da gardawa da malaman zaure, mutanen da ba su da takardar shaidar da za a ɗauke su aiki da ita a gidan tarihi. Sai mu ɗauki mai digiri da bai iya ba, mu bar gwani a tsangaya, sannan mu ce ba ƙwararru. Ayyukan Nana Asma'u da duniya ke yabo yau ba daga sama suka faɗo ba. Gidan Waziri Junaidu ne ya adana su, malaman Sakkwato suka zauna da Jean Boyd shekaru suna warware mata Fulatanci da Larabci da Hausar ƙarni na 19, kafin ita da Beverly Mack su fitar da kundin a 1997. Idan masu irin wannan karatu suka ƙare, hotunanmu za su zama zane ne kawai mai kyan gani. Tun 2007 aka cire ajami daga ƙananan takardun naira, mun yi ta surutu a kai; amma ko nawa ne cikin masu surutun suka koya wa 'ya'yansu karanta shi?

Babban maƙiyin littattafan nan, in za a faɗi gaskiya, ba 'yan bindiga ba ne, ba ma gara ba. Rabon gado ne. Malami ya rasu ya bar 'ya'ya goma sha, a ƙiyasta littattafai a raba kamar kwanuka. Wannan ya ɗauki gafaka biyu ya tafi Legas, wancan ya ɗauki uku ya jefa saman sif, wata ta sayar wa dillali. Tunda warwara ne, har littafi guda akan raba biyu ba a sani ba. Wasu kuma saboda girmamawa, in suka ga takarda mai ayoyi ta tsufa, sai su ƙona ko su binne don kada a taka. Niyya mai kyau, asara mai girma. Maganin wannan yana cikin addininmu tun tuni: waƙafi. Malami ya rubuta tun yana raye, a gaban shaidu, cewa littattafansa hubusi ne, ba a sayarwa, ba a rabawa, ga wanda zai kula da su. Masu wa'azi suna kwaɗaitar da mu waƙafin rijiya da masallaci, ban cika jin wanda ya ambaci wannan ba. Masarautu ma suna da rawar takawa, domin hakimi ko mai unguwa ya san gidajen da ke da adaka fiye da kowane jami'in Abuja, kuma in shi ya yi magana za a buɗe.

Game da gwamnati ba zan tsawaita ba. Muna da Ma'ajiyar Takardun Ƙasa a Kaduna, da Gidan Makama a Kano, da gidan tarihi na Jos da aka buɗe tun 1952, da cibiyar tarihi mai sunan Waziri Junaidu a Sakkwato. Kafin a sayi kyamarar miliyoyi, a duba rufinsu, a biya kuɗin wuta, a sayi kwalaye marasa sinadarin da ke cin takarda, a horar da masu gyara. Kwangilar na'ura ta fi daɗin bayarwa, mun sani, amma na'ura ba ta tare yoyo.

Daga adakar gidanmu mun tsira da gafaka biyar. Wani alaramma a unguwar ya zauna da su kwana tara yana bin kalmar ƙasan shafi har ya mayar da kowace takarda wurinta, ya gaya mana sunayen littattafan, muka rubuta a littafin makaranta. A ƙarshen ɗaya daga ciki muka ga sunan kakan marigayin, shi ne ya kwafa da hannunsa, abin da ba wanda ya sani a gidan. Yanzu suna kan katako a ɗakin kawuna, nesa da bango, nannaɗe cikin farin ƙyalle. Jikan ya sake ɗaukar hotunan, wannan karon da gefensu da bayansu da gafakar kanta, ya ajiye a wuri uku.

Mai karatu, idan akwai irin wannan adaka a gidanku, kada ka jira tallafi daga Turai ko kwamiti daga gwamnati. Ka buɗe ta a makon nan, ka ɗaga ta daga ƙasa, ka raba ta da leda da bango mai ɗanshi, kada ka manna wa takarda salatif, ka kuma nemo mai karatu ya gaya maka abin da kuka gada kafin ruwan farko ya sauka.